Na Yi wa Katinki Guga

Bagudo,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Hafsatu, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata kin sauka Birnin Kebbi lafiya, kin kuma tarar da Goggonki Rabi da mutanen gidanta lafiya. Innarki tana gaishe ki, ta ce in tambaya ko kwalbar man shanun nan ba ta tsiyaye miki a kaya ba. Allah ya tsare ki a sauran tafiyar da ke gabanki zuwa wurin bautar ƙasa, ya sa ki faɗa hannun mutanen kirki, ya dawo mana da ke yadda kika tafi.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya a aljihuna. Sau uku na danna sunanki tun jiya, da ta fara ƙara sai in kashe. Na ce wa innarki aljihu ne ke dannawa, amma ni ne. Abin da ke bakina ya ƙi fita ta waya, shi ya sa na rubuta, gobe Lahadi direba Ɗanjuma zai kawo miki.

Kafin komai ki riƙe wannan. Ambulan ɗin nan mai tsohon katin ɗan ƙwallo, wanda kika ce za ki kai gidan waya ranar Litinin, kada ki kai shi. Ki buɗe ki duba. Katin da ke ciki ba yadda kika san shi yake ba. Na yi masa guga, na kuma rage masa baki da reza.

Ga yadda aka yi. Ranar Alhamis, da kika tafi Lafagu sallamar dangin innarki, na shiga ɗakinki neman almakashina. Sai na ga katin a kan tebur cikin 'yar ledarsa, mai hoton mutumin nan mai uban gashi da guntun wando, wanda kika ce an buga shi tun ban auri innarki ba. Kin sha gaya mini duk cikin katunan da kike saye da sayarwa ta intanet babu mai darajarsa, kuma likitan nan na ƙasar waje da ya saba ciniki da ke ya riga ya saya. Na ɗaga shi ga haske, sai na ga kusurwa ɗaya ta tanƙware, gefe ɗaya kuma ya yi gashi-gashi kamar bakin tsohon zane. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, tun ina saurayi nake sayar da gwanjo, ban taɓa miƙa wa mutum riga a yamutse ba, yau kuma 'yata za ta aika wa likita guda kaya a haka, har a ce daga gidan Garba mai gwanjo ya fito?

Na hura gawayi, na bar dutsen guga ya huce har ina iya ɗora tafin hannuna a kai. Na sa farin ƙyalle sama da ƙasa, na danna kusurwar a hankali, ta miƙe sarai. Na ɗauko rula da sabuwar reza na shafte gashin nan. Wallahi, Uwata, da na gama katin ya yi kyau. Ko yanzu da nake rubutun nan, in aka tambaye ni, cewa zan yi ya yi kyau. Da kika dawo a gajiye kina ta haɗa kaya, ni na ce ki bari in sa miki shi a ambulan in liƙe, kika yi ta yi mini godiya. Na yi shiru ne don ina jiran ranar da likitan zai aiko da yabo, in ce miki aikin tsohonki ne.

Washegari a tasha, muna jiran motar Ɗanjuma ta cika, kin tuna innarki ta tambaye ki:

"Shin wai ke, mi mutane ka gani ga tsohuwar takarda har su ka ba da kuɗɗinsu?"

Kika yi dariya kika ce:

"Inna, ba kyawo su ka saye ba, gaskiyar abun su ka saye. Wanda duk yag goge kati ko yad datse bakinai, a wurinsu ɓarawo na. Suna da abin awo, sai sun gane."

Kika ci gaba da yi mata bayani cewa kin ɗauki hoton tanƙwararriyar kusurwar nan kin nuna wa likitan, kin rubuta masa baƙi a kan fari cewa hannun mai gyara bai taɓa katin ba, kuma a kan haka ya saya. Kika ce shekara huɗu kina tara taurarin yabon nan da masu saye ke ba mai gaskiya a intanet, amma ƙorafi ɗaya irin wannan ya isa a rufe wa mutum shago, ba kuma a sake buɗewa.

Ina tsaye a gefenku da jakarki a hannuna, ambulan ɗin yana cikinta. Ɗanjuma ya ce a shiga, na miƙa miki jakar, na ce Allah ya tsare hanya, ban ƙara komai ba. Gugar kuskure ce ta rashin sani, amma shirun nan na tasha da sanina na yi shi, kuma shi ya fi ci mini rai. Kunya ce ta kama ni a gaban innarki da fasinjoji. Shawarata ta farko ke nan: in kin yi ɓarna ki faɗa tun mota ba ta tashi ba, don bayan ta tashi sai an nemi direba da takarda da kwana biyu.

Zan gaya miki gaskiya, har yanzu sana'arki ba ta shiga kaina ba. A wurinmu, in maɓalli ya fita ka ɗinka, in riga ta yamutse ka goge, in zare ya fito ka datse, mai saye ya sa maka albarka. Haka maigidana ya koya mini, haka na ciyar da ku. Yanzu ga wata kasuwa inda abu mai lanƙwasa ya fi miƙaƙƙe daraja, inda gyara sata ne. Na juya abin ta kowace fuska na kasa gane kansa. Da aka sauko daga Juma'a na tsaya wurin liman, na tambaye shi kamar labarin wani ne: mutum ya gyara haja ta fi da kyau, bai faɗa wa mai saye ba, ya yi algus? Ya tambaye ni ko mai sayen zai fasa in ya san an gyara. Na ce zai fasa. Ya ce to gyaran nan shi ne aibin, ɓoye shi kuma ɓoye aibi ne. Na ce, Malam, amma fa ta fi kyau. Ya ce ba ni ne mai saye ba. Na dawo gida da ruɗanina, sai dai na gane abu ɗaya: ba idona ne ma'auni ba, alkawarin da kika yi wa mutumin shi ne ma'auni, ni kuma na karya shi ba da saninki ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, ni ba baƙon wannan darasi ba ne. An koya mini shi tun gemuna bai fito sosai ba, a kasuwar Tsamiya. Ina da wata baƙar kwat mai kauri, kyakkyawa, sai dai wutar taba ta huda ta a ƙasan aljihu. Akwai yadda muke riƙe riga in muna nuna ta: ka ɗaga ta da hannu biyu, babban yatsanka ya zauna daidai kan hujin. Wani Bafillace mai suna Buba, daga rugar bayan Geza, ya tsaya ya tambaya ko lafiya lau take. Na ce masa, duba da idonka. Na gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba. Ya biya ya tafi.

Da kasuwa ta zagayo sai ga Buba sanye da kwat ɗin. Na shirya wa faɗa, har na tanadi abin da zan ce. Ya tsaya a gaban rumfata, ya zura yatsansa ta hujin nan har ya leƙo waje, ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali da kasuwa da gajiya, ya wuce. Mako na gaba ma haka. Duk lokacin sanyin nan haka ya yi mini, yatsa a huji, gaisuwa a baki, bai taɓa ambaton rigar ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Mutanen rugarsu kuwa suka riƙa wuce rumfata zuwa ta maƙwabcina, har na bar cin kasuwar Tsamiya babu wanda ya sake taya mini ko safa a cikinsu.

To ki kula, Uwata. Na lura da yadda kike ɗaukar hoton katunanki, kina karkata waya nan da can. Hoto ma yana da babban yatsa. Wanda ya iya karkata shi zai rufe tabo da haske yadda na rufe huji. In ke ce mai saye, kika ga mutum ya ƙi rubuta yanayin katinsa da kalmomi, ya ce ki duba hoto kawai, ki tuna da ni a Tsamiya, don maganata ce yake maimaita miki. Ki sa shi ya faɗa da bakinsa. In kuwa ke ce mai sayarwa, ki fara da aibin kafin ki yabi kayan. Wannan ɓangaren na san kina yi, kin ma fi ni.

An kuma taɓa cutata a matsayin mai saye, ko kuwa in ce na cuci kaina. A da, in zan sayi dila, wato babban ɗaurin gwanjo, ni da kaina nake bi ta Lolo in ƙetara iyaka zuwa kasuwar Malanbil, in tsaya a fasa gefe in zura hannu. Da wayar hannu ta zo sai lalaci ya same ni. Akwai wani Badande ɗan kasuwar can, Musa, da na daɗe ina saye a wurinsa. Na kira shi, ya ce akwai dilar riguna nimero an, wato lamba ɗaya da bakinsu na can. Na ce a ɗoro mini. Da na fasa ta a Bagudo, kusan rabin rigunan sun koɗe, kafaɗa fari, ƙasa shuɗi. Na hau mota da fushina har rumfarsa, na zube masa su a gaba. Mutumin ya ɗaga riga ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, ya kalle ni da mamaki na gaske ya ce in nuna masa yagewa ko guda. Babu. Shi a wurinsa lamba ɗaya ita ce wadda ba ta yage ba. Ni a wurina ita ce wadda ba ta yage ba, ba ta koɗe ba, ba ta da tabo. Muka yi ta musu har la'asar, kowa yana rantsuwa, kuma har yau ban san wanda zan ce ya cuci wani ba. Abin da na sani shi ne ban tambaya ba.

Saboda haka kada ki sayi kalma. "Kamar sabo", "mai kyau ƙwarai", duk ba awo ba ne, kowace kasuwa da girman mudunta. Ki tambaya ɗaya-ɗaya: kusurwa huɗu yaya suke, bayan katin yaya yake, gefensa yaya, a kai shi rana a ɗauko miki hoto ba a cikin ɗaki ba. Wanda ya gaji da tambayoyinki ki bar masa kayansa. Ki tambaya ko an taɓa gyara shi. Yanzu kuma sai ki ƙara da wata: ko akwai tsoho mai karambani a gidansu da ya taɓa zama da katin shi kaɗai. Kada ki ɗauka wasa nake yi. Mai sayarwar yana iya rantse miki da zuciya ɗaya, alhali bai san abin da aka yi a ɗakinsa ba ranar da ya tafi sallama.

Akwai kuma laifin da na yi miki wanda ban taɓa ba ki haƙuri a kai ba. Kin tuna shekara biyu da suka wuce, da kika sayi wani kati aka rubuta miki kamar sabo yake? Kika jira shi har kika gaji, kika je Birnin Kebbi kika karɓo, da kika juya bayansa sai ga tabon gam inda aka ɓamɓaro shi daga littafi. Kika zauna a ƙofar ɗaki kika ƙi cin tuwo, idonki ya yi ja. Ni kuwa na zo na yi dariya, na ce takarda ce fa, in hoton ɗan ƙwallo kike so a yanko miki a jarida. Kika dube ni kika tashi. Tun daga ranar ba ki sake yi mini bayanin sana'arki mai tsawo ba, sai dai guntu-guntu. Da na ja kujera na zauna na ce ki nuna mini abin da ya ɓata miki rai, da a ranar zan san cewa a kasuwarku ba a taɓa kati, da ban hura gawayin nan ba. Dariyar ranar ce ta haifi gugar Alhamis.

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na yarda, amma ban ji an faɗi abin da za a yi ba in yaron ne ke zaune a ƙasa yana gani, babban kuma yana bisa rimi yana kallon wata nahiya. Inda za ki, za ki tarar da mutane da sana'o'i da al'adun da ba ki sani ba. In kin ga abu a karkace a gidan wani, ki tambaya kafin ki miƙe shi, wataƙila haka mai shi yake sonsa. Garin neman gira na tsone miki ido, kuma da kyakkyawar niyya na yi, wadda ba ta rage komai daga ɓarnar ba.

Yanzu ga abin da nake ganin za ki yi, ko da yake ke kika san kasuwarki, in na yi kuskure ki gyara. Ki ɗauki hoton katin yadda ya koma, ki haɗa da hoton da, ki aika wa likitan. Ki gaya masa an goge kusurwa, an rage gefe ɗaya. In ya fasa ki mayar masa da kuɗinsa ba musu. Kada ki rufa mini asiri a wurinsa. Ki rubuta cewa mahaifinki ne, mai sayar da tsofaffin tufafi, ya ɗauka taimako yake yi. In yana son ji daga bakina, ki haɗa mu a waya in faɗa da Hausa ke ki fassara.

Ba zan ɓoye miki ba, jiya da yamma ina zaune a rumfa wata murya ta yi ta yi mini magana. Ta ce ka yi shiru, wa ya ce likitan zai auna? Ta ce abin da ka cire bai kai komai ba, mutumin ma zai ji daɗi ya ga kati ya fi na hoto kyau. Ta ce in ma ya gane, a ce a hanya abin ya faru. Na saurare ta fiye da yadda ya kamata, har na ninke takardar nan na sa a aljihu ban rubuta ko layi ɗaya ba. Ina gaya miki ne don ki gane ta in ta zo, don za ta zo miki da zarar kin buɗe ambulan kin ga yadda katin ya miƙe. Muryar tana da daɗi, kuma ta iya lissafi.

Ban kuma san ko gaskiyar za ta cece ki ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna. Ina tunanin likitan yana karanta cewa wai uban mai kati ne ya yi masa guga, sai in ji abin ya yi kama da ƙaryar ɗan makarantar da bai yi aikin gida ba. Yana iya yarda, yana iya ƙi. Yana iya rage miki taurarin duk da haka, ya gaya wa abokan cinikinsa. Uba yana son ya ce wa 'yarsa ki faɗi gaskiya komai zai yi daidai, amma na ga ranakun da bai yi ba. Abin da kawai zan iya ce miki, in kika faɗa da kanki, abin da za ki rasa kati ne da wataƙila mai saye ɗaya. In shi ya gano, sunanki ne, kuma a kan laifin da ba ke kika yi ba.

Innarki ba ta sani ba tukuna. Zan gaya mata bayan Ɗanjuma ya karɓi takardar nan, don in ta riga ta ji, ba zan sami sararin rubutu ba.

A cikin takardar nan za ki ga wani ɗan ƙunshi, ki buɗe shi a inda babu iska. Yau da safe na shiga ɗakinki na durƙusa ina laluben ƙasan tebur, har na samo abin da rezar ta cire. Siriri ne ƙwarai, kuma ya rabu biyu. Ban san ko yana da amfani ba. Da tufafi ne da na san yadda zan mayar, amma na yi alkawari hannuna ba zai sake taɓa kayanki ba. In a kasuwarku akwai abin da ake yi da shi, ga shi nan. In babu, ki nuna wa likitan ya ga iyakar abin da na ɗauka.

Ki yafe mini, Hafsatu. Shekara huɗu kina gina abinki a ɗan ɗakin nan da waya ɗaya, ban taɓa ɗora miki ko tubali ba, ranar da na tashi taimako kuma sai na zare na ƙasa. In kin karanta ki kira ni, ko faɗa ne ki yi, zan ɗauka. In kuma ba ki iya magana da ni ba yanzu, ki kira innarki ki ce mata kawai saƙo ya iso.

Ki gaishe da Goggonki da maigidanta. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki kula da abin da kike ci a baƙon wuri, kada ki hau motar da direbanta ke gudu ko da ita kaɗai ta rage a tasha. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin maƙiyi da kuma taimakon wanda bai sani ba. Allah ya sanyaya zuciyar likitan nan, ya tsare miki sunanki. Allah ya ba motar Ɗanjuma lafiya gobe, ya sa takardar nan ta same ki kafin ki je gidan waya.

Mahaifinki,
Garba.